Wai ta yaya ake gane ɗan mafiyar Italiya a ƙasar waje, kati suke yanka ko gado ne?

Baban_Ummi_Jamus:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A watan Mayun 2023, ranar da 'yan sandan Turai suka yi wancan samamen na asuba da suka sa wa suna Eureka, ina dawowa daga aikin dare na tarar an zagaye wani gidan abinci na 'yan Italiya kusa da tashar da nake sauka. 'Yan sanda fuska a rufe, sai fito da kwalaye ake yi ana lodawa a mota. Wurin nan na sha kai yarana, mai gidan har alewa yake miƙa wa Ummi in za mu tafi. Da yamma labarai suka ce an kama sama da mutum 100 a ƙasashe daban-daban. Daga baya kuma na ji gwamnatin Jamus na cewa akwai 'yan mafiyar Italiya kimanin 1,000 a ƙasar, wajen rabinsu 'yan ƙungiyar 'Ndrangheta. To wa ya ƙirga su? Rajista gare su? Da me ake gane wannan ɗan ƙungiya ne, wancan kuma ɗan Italiya ne kawai mai neman abincinsa?

Sarkin_Zolaya:
Fom ake saya naira dubu biyu, ka kawo fasfo guda biyu da takardar mai unguwa.

Malam_Habu_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi, tambaya biyu ka haɗa a ɗaya. Akwai yadda su da kansu suke sanin nasu, akwai kuma yadda hukuma take yanke cewa wane ɗan ƙungiya ne. Ta biyun sai Barista ya shigo. Ta farkon kuwa, sai an fara raba su, don ba uwa ɗaya ta haife su ba. Cosa Nostra ta tsibirin Sisili ce, 'Ndrangheta ta Kalabiriya ce can ƙafar Italiya, Camorra kuma ta Napoli da kewaye.

Wadda ta cika Jamus, wato ta Kalabiriya, gado ce kafin komai. Ƙaramin rukuninsu, da suke kira 'ndrina, iyali ne na jini da auratayya, sunan gidan ma shi ne sunan rukunin. Ɗan da aka haifa wa babba a cikinsu tun yana zanin goyo ana kallonsa a matsayin mai jiran shiga, har suna gare shi, giovane d'onore. In ya tasa a yi masa abin da suke kira baftisma, ya zama picciotto, matakin ƙasa ke nan. Daga nan camorrista, sai sgarrista, sai a tsallaka zauren manya inda ake samun santista da vangelo da na samansu. Ko a Kalabiriya aka haifi yaron ko a Toronto, hanyar ɗaya ce.

Hajiya_Maijidda:
Wato kamar mahauta da wanzamai a wurinmu, ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Allah Ya raba mu da mugun gado.

Malam_Habu_Tarihi:
Amin Hajiya. Kuma wannan shi ne sirrin ƙarfinsu. Wanda zai tona asiri a Sisili, abokan aiki yake tonawa. Wanda zai tona a Kalabiriya, ubansa da kawunsa da surukinsa zai tura kurkuku. Hannunka kuwa ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ɗanjuma_Duisburg:
Tunda an zo garinmu bari in sa baki. Ranar 15 ga Agustan 2007 aka harbe 'yan Kalabiriya shida a ƙofar wani gidan abinci kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta nan Duisburg. Ban zo garin ba lokacin, amma har yau tsofaffin mazauna suna nuna wurin. Rigimar gida biyu ce ta wani ƙauye mai suna San Luca, Nirta da Strangio a gefe guda, Pelle da Vottari a ɗaya gefen, tun 1991 suke kashe juna, har gabar ta biyo su Jamus. Abin da ya shafi tambayarka, Baban Ummi: a aljihun ɗaya daga cikin mamatan, yaron da ranar ya cika shekara 18, an samu hoton Mala'ika Mika'ilu irin na coci, an ƙona wani sashe nasa. Da shi masu bincike suka fahimci a daren ne aka rantsar da yaron. Ka ga katin da kake tambaya ke nan. Ko kwana ɗaya bai yi a ƙungiyar ba.

Baban_Ummi_Jamus:
Innalillahi. Shekara 18.

Bulus_Zonkwa:
Don Allah in gyara wani abu kafin a ɗauka coci ta yarda da wannan. Hotunan waliyyai da kalmar baftisma satar su suka yi. A watan Yunin 2014 Fafaroma Francis ya je Kalabiriya da kansa, ya faɗa a gaban taro cewa 'yan mafiya korarru ne daga coci.

Malam_Habu_Tarihi:
Gaskiyarka, Malam Bulus. Fakewa da addini ce kawai, kamar yadda suka ƙirƙiro wa kansu tatsuniyar asali, wai wasu jarumai uku 'yan Sifaniya, Osso da Mastrosso da Carcagnosso, su suka kafa ƙungiyoyin uku. Ana karanta wa sabon shiga wannan don ya ji kamar wata tsohuwar sarauta ya shiga, alhali kasuwar hodar ibilis ce.

Auwal_Bronx:
A nan Amurka abin ya sha bamban da na Malam Habu. Ba gado ba ne kai tsaye, zaɓe ne, amma da sharaɗin asali. Gidaje biyar na New York, Gambino, Genovese, Lucchese, Colombo da Bonanno, ba sa rantsar da wanda ba jinin Italiya ba, uwa da uba. Sai wani ɗan ciki ya tsaya maka, kuma in ka ci amana wuyansa ne. Sannan a zagaya da sunanka sauran gidajen, ko akwai mai ƙorafi a kanka. Ranar rantsuwa a ajiye bindiga da wuƙa a tebur, a huda maka yatsa, a cinna wa takarda ko hoton waliyyi wuta a tafin hannunka. Joe Valachi ne ya fara bayyana wannan a gaban kwamitin majalisar dattawa a 1963, kai tsaye a talabijin.

Nafisa_Karatu:
Yaya Auwal, "uwa da uba" ɗin nan akwai gyara. Dokar ta sha canzawa, kuma abin da aka fi riƙewa shi ne ɓangaren uba. Frank Salemme mahaifiyarsa jinin Ayalan ce, amma har shugabancin gidan Patriarca na yankin Boston ya yi. Ɗan John Gotti, tsohon shugaban gidan Gambino, shi ma an rantsar da shi duk da cewa mahaifiyarsa tana da jinin Rasha. Wanda aka rufe wa ƙofa shi ne irin Henry Hill, uwa 'yar Sisili, uba ɗan Ayalan. Ya ƙare rayuwarsa ta daba yana yi musu aiki, bai taɓa zama ɗan ciki ba.

Auwal_Bronx:
Na karɓi gyara, ƙanwata. Amma kin ga abin ya ƙara nuna cewa zama ɗan ciki daban, yin ƙarfi daban. A Chicago akwai Gus Alex jinin Girka da Murray Humphreys jinin Wales, ba a rantsar da su ba amma rantsattsu da yawa umarninsu suke bi. Ga Meyer Lansky Bayahude. Kuma waɗanda ba a rantsar ba sun ninka rantsattsun sau da yawa.

Wani abu kuma, suna rufe littafi. Daga wajen 1957 zuwa 1976 gidajen New York sun daina ɗaukar sabbi kusan gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilan da ake faɗa shi ne an zargi wani babba, Frank Scalice, da sayar da gurbin shiga da kuɗi. An harbe shi a 1957, a nan Bronx ɗin.

Sarkin_Zolaya:
Ashe ban yi ƙarya ba da na ce fom ake saya. Har a mafiya ana sayar da ofa!

Ummu_Khalil:
Ni tambayata, tunda ba kati ba rajista, in ɗan ciki daga Sisili ya sauka wani gari, ta yaya zai san wanda ke gabansa nasu ne ba ɗan sanda ba?

Nafisa_Karatu:
Anti, doka ce babba a wurinsu: ba ka gabatar da kanka. Sai an samu na uku wanda ya san ku duka biyun ya haɗa ku. A Amurka in ya ce "abokina ne", to bare ne, ka iya bakinka. In ya ce "abokinmu ne", ɗan ciki ne. Lokacin da aka kama Salvatore Lo Piccolo, wani jigon Cosa Nostra, kusa da Palermo a watan Nuwamban 2007, an samu takardar dokoki goma a maɓoyarsa, kuma wannan ce ta farko. A ciki har an rubuta waɗanda ba a ɗauka, cikinsu akwai duk mai ɗan uwa na kusa a aikin ɗan sanda.

Kuma duk da haka an shige su. Joseph Pistone na hukumar FBI ya zauna cikin mutanen Bonanno daga 1976 zuwa 1981 da sunan Donnie Brasco, har an sa sunansa cikin waɗanda za a rantsar kafin a janye shi. Wanda ya tsaya masa, Sonny Black Napolitano, kashe shi suka yi a shekarar.

Malam_Habu_Tarihi:
Ƙari a kan amsar Nafisa: ɗan Cosa Nostra na Sisili in ya je Amurka ba ya zama ɗan gidajen New York haka kawai. Suna ɗaya, ƙungiya biyu. Tommaso Buscetta, ɗan Cosa Nostra da ya tuba, ya yi wa alƙali Giovanni Falcone bayanin wannan tun 1984. Amma 'Ndrangheta ba haka take ba, igiyar tana Kalabiriya. Reshen da suke kira locale, ko a Singen ta Jamus yake ko Toronto ko Ostireliya, sai uwar gida ta amince da shi, muƙamai ma daga can ake tabbatar da su. Samamen Crimine da Infinito na watan Yulin 2010, inda aka kama kimanin mutum 300, shi ya fito da wannan fili. An ɗauki manyansu a bidiyo a wurin ziyarar Polsi cikin duwatsun Aspromonte, kuma an naɗi muryoyin mutanen da suka taso daga Kanada da Jamus suna kawo ƙara da neman izini. Wanda ya so ya ɓalle da rassan Lombardiya ta arewacin Italiya, Carmelo Novella, an harbe shi a 2008. A cikin Italiya ke nan fa, balle na waje.

Isiya_Kasarta:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da na gani da idona, ba na littafi ba. Shekarata goma sha ɗaya tsakanin Castel Volturno da gonakin tumatir na Foggia. Duk wannan zancen hudar yatsa a wajen Camorra ba shi ne abin dubawa ba. Su yaro ya fara da tsaron kwana a kan babur, ana ba shi albashin mako, in an kama shi a ci gaba da kai wa matarsa kuɗi. Wanda ake kai wa iyalinsa kuɗi yana kurkuku, to nasu ne, kowa a unguwa ya sani. Su kansu ba sa cewa Camorra, "sistema" suke cewa.

Baƙar fata kuwa ba ya zama ɗan ciki, sai dai a more shi. A watan Satumban 2008 mutanen Giuseppe Setola na ɓangaren Casalesi na Camorra suka buɗe wuta a ƙofar shagon wani tela a Castel Volturno, suka kashe 'yan Afirka shida, 'yan Gana da Togo da Laberiya. Bayin Allah ba su ji ba ba su gani ba. Wani ɗan Gana da ya kwanta cikin gawawwaki kamar ya mutu, shi ya ba da shaida aka ɗaure su. Ina faɗa ne don yaranmu da ke zuwa, wani ya ga an ba shi ɗan kunshi ya kai an biya shi Yuro hamsin, ya ɗauka ya samu iyayen gida.

Sani_Zango_Kumasi:
Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Muna tuna labarin nan, ya girgiza mutane a nan Gana.

Gambo_Fagge:
To ai mu ma muna da namu. 'Yan daba ba haka suke ba? Kowace unguwa da dabarta, sai an san ka a ɗauke ka.

Nafisa_Karatu:
Ina, Malam Gambo, ɗan daba ba ya aika wa Kano neman izini in ya koma Legas. In kamance kake nema sai dai ƙungiyoyin asiri na jami'o'i, kuma su ɗin kotunan Italiya sun riga sun yi musu shari'a da dokar mafiya, 'yan Black Axe da Eiye, a Turin da Palermo.

Gambo_Fagge:
Ke dai ba ki zauna Fagge ba ne.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar Baban Ummi. Zancen daba a buɗe masa nasa zaren.

Barista_Lawal:
Gafara dai, na makara, ina kotu. Malam Habu ya bar mini rabi mai wuya.

A Italiya zama ɗan mafiya kansa laifi ne, ko ba a kama ka da komai a hannu ba. Sashe na 416-bis ne na kundin laifuka, an kafa shi a 1982 bayan kisan ɗan majalisa Pio La Torre da Janar Carlo Alberto Dalla Chiesa a Palermo. Ya ce mutum uku ko fiye, masu cin moriyar tsoron da sunan ƙungiya ke jefawa a zukata, da miƙa wuya da kame bakin da tsoron ke haifarwa. Hukuncin ɗan ƙungiya yanzu shekara 10 zuwa 15 ne, na shugabanni 12 zuwa 18. Hujjojin kuwa su ne shaidar tubabbu, naɗar waya da na'urar da ake ɓoyewa a mota ko ɗaki, wa ya halarci taron wa, wa ake ciyar da iyalinsa, wa ke raba rigima.

Matsalar ƙasar waje ita ce, mutanen nan a can ba sa tsorata kowa. Lafiya lau suke, suna biyan haraji, suna miƙa wa Ummi alewa. Ga misali. A Frauenfeld ta Suwizalan an ɗauki bidiyon wasu 'yan Kalabiriya a zaune kewaye da tebur suna karanto kalmomin buɗe taro na ƙungiya, aka fitar da shi a 2014, duniya ta gani. Amma a 2019 kotun ƙolin Italiya ta soke hukuncin mutum biyu daga cikinsu, domin ba a nuna cewa rukunin ya taɓa razana wani a inda yake zaune ba. Alƙalai sun rabu biyu a kan irin wannan. Wasu na cewa reshe yana cin albarkacin kwarjinin uwa, ba sai ya zare wuƙa ba. Wasu na cewa doka tsoro ta ambata, a nuna mana tsoron. A 2021 ma sai da manyan alƙalan kotun ƙolin suka zauna a kan ko rantsuwa kaɗai ta isa hujja. Abin da suka tsayar shi ne babbar alama ce, amma sai an duba ta tare da sauran abubuwan da ke nuna mutum ya zauna daram a cikin ƙungiyar, a shirye yake ya yi mata aiki.

Ƙasashen waje kuma yawancinsu ba su da irin wannan sashe. Jamus tana da sashe na 129 na ƙungiyar masu laifi, amma masu gabatar da ƙara sun fi samun sauƙin kama mutum da hodar ibilis ko wanke kuɗin haram. Amurka da dokar RICO ta 1970 take aiki, ita kuma jerin laifukan da aka aikata da sunan ƙungiya take nema.

Baban_Ummi_Jamus:
Ranka ya daɗe, to 1,000 ɗin nan daga ina?

Barista_Lawal:
Lissafin 'yan sanda ne, ba na kotu ba. Waɗanda ake zargi ne, bisa binciken gida da bayanan da takwarorinsu na Italiya ke turowa. Shi ya sa masu yaƙi da mafiya ke cewa adadin ya yi kaɗan, lauyoyin waɗanda ake zargi kuma na cewa an cusa marasa laifi. A Ostireliya 'yan sandan tarayya sun ce a 2022 sun gano gidajen laifi 51 masu asali da Italiya, amma 14 ne suka tabbatar na 'Ndrangheta ne. Dubi ratar da ke tsakanin "mun gano" da "mun tabbatar".

Alhaji_Tanko_Kwari:
Barista, ni fa duk wannan dogon Turanci ne. Abokin ɓarawo ɓarawo ne. An gan ka a bikinsu, an gan ka a jana'izarsu, sunan gidanku ɗaya, me ya rage?

Zainab_Torino:
Alhaji, da girmanka, ban yarda ba. Ina aikin kula da tsofaffi a nan Turin, abokiyar aikina 'yar wani ƙauye ce a gefen Locri, a Kalabiriya. Sunan gidansu irin wanda ke fitowa a jarida ne. Ta ce a ƙauyensu kusan rabin mutane sunan nan suke amsawa. Ranar da ta je neman hayar ɗaki, mai gidan yana jin sunan da garin haihuwarta ya ce an riga an kama ɗakin. Ta dawo tana kuka a ɗakin canza kaya, ni na rarrashe ta. Mu da ake gani da koren fasfo a filin jirgi a ware mu gefe, bai kamata mu yi wa wasu wannan awon ba.

Alhaji_Tanko_Kwari:
'Yata, ban ce kowa ba. Amma zama da maɗaukin kanwa fa.

Barista_Lawal:
Alhaji, ita ma dokar Italiya ta san maɗaukin kanwa. Akwai tuhumar taimakon ƙungiya daga waje, ga ɗan siyasa ko akanta ko lauya da bai yi rantsuwa ba amma yana yi musu aiki da saninsa. Sai dai aiki ake nunawa, ba suna ba. Dangantaka kaɗai kotu ba ta karɓarta hujja.

Hajiya_Maijidda:
Matan fa? Tun ɗazu maza ake ta lissafawa.

Zainab_Torino:
Ba a rantsar da su kamar maza a Sisili da Kalabiriya, Hajiya, amma su ke kai saƙo kurkuku, su ke riƙe kuɗi, da aurensu ake ɗaure gida da gida. A Napoli kuwa mata sun sha riƙe shugabanci da kansu. Wadda ta juya baya kuma ba a yafe mata. Lea Garofalo ta ba da shaida a kan mutanen uban 'yarta, suka kashe ta a Milan a 2009, 'yar ce ta tsaya a kotu har aka ɗaure uban. An ma yi wani alƙalin yara a Reggio Calabria, Roberto Di Bella, da tun wajen 2012 ya riƙa ɗauke 'ya'yan irin waɗannan gidaje yana kai su wani yanki kafin su kai shekarun rantsuwa. Wasu iyayen mata da kansu suka riƙa zuwa a ɓoye suna roƙonsa.

Auwal_Bronx:
In ƙara dagula muku lissafi. Duk dokar jinin nan a Kanada ta yi rauni. Wani ɗan Sifaniya, Juan Ramon Fernandez, an naɗi muryarsa a Sisili yana bugun ƙirji wai Vito Rizzuto, shugaban mafiyar Montreal a lokacin, ya rantsar da shi. 'Yan Sisili da wuya su haɗiyi wannan. A 2013 aka tsinci gawarsa a wajen Palermo, kodayake rigimar Montreal ce ake dangantawa da kisan. Sannan a 2015 mutanen Bonanno suka rantsar da wani a Kanada, ba bindiga ba jini ba wuta, magana ce ta 'yan mintoci. Ashe mutumin 'yan sanda yake wa aiki, komai an naɗa.

Malam_Habu_Tarihi:
To wannan a wurinsu ɗan ciki ne ko ba ɗan ciki ba? An dai faɗa masa kalmomin, kuma wanda ya isa ne ya faɗa.

Sarkin_Zolaya:
A tambayi Barista ko auren da aka ɗaura da ango na bogi ya ɗauru.

Baban_Ummi_Jamus:
Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru. Abin da ban faɗa ba tun farko: bayan 'yan makonni gidan abincin ya sake buɗewa, mutumin yana nan a bayan kanta kamar ba a yi komai ba. Ban sani ba ko shi aka zo nema, ko ɗan uwansa, ko kuskure ne. Jiya Ummi ta ce in kai ta. Barista, kai da kai ne za ka koma?

Barista_Lawal:
Wannan ba tambayar lauya ba ce, ka tambayi Maman Ummi.